Wutar da ake ɗorawa a kan ciwo: tarihin moksa

A ƙarshen shekarar 1973, masu tonon kayan tarihi a ƙasar Sin suka buɗe kabari na uku a tudun Mawangdui, gefen birnin Changsha na lardin Hunan. An rufe kabarin tun shekara ta 168 kafin Miladiyya, kuma mai shi ɗan gidan Li Cang ne, hakimin yankin Dai. A cikin wani akwati suka tarar da rubuce-rubuce a kan siliki, an ninke su, shekaru sun tsinka su a wuraren ninkin. Da aka jera guntayen aka karanta, sai ga littattafan magani, biyu daga ciki suna zayyana hanyoyi 11 da suka ratsa jikin ɗan Adam tsakanin ƙafa, hannu, gangar jiki da kai. Kowace hanya an lissafa cututtukan da ke bin ta, har da ciwon ƙugu, ciwon gwiwa da ciwon baya. A ɗaya daga cikin littattafan, maganin da ke ƙarshen kowane jeri iri ɗaya ne: a ɗora wa hanyar wuta. Ba a ambaci allura ba ko sau ɗaya.

Yau idan aka ce maganin gargajiyar Sin, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne siraran allurai da ake tsira wa jiki. Silikin Mawangdui ya nuna cewa a rubuce wuta ta riga allura, kuma tun farkon al'amarin ciwon gaɓɓai na cikin abin da aka fi kai mata.

Abin da ake ƙonawa ganyen wani tsiro ne da Sinawa ke kira ai, ɗan dangi ɗaya da tazargaden da ake sayarwa a kasuwanninmu. Bayan ganyen yana da farin gashi mai laushi, kuma wannan gashin ake nema. Ana yankan tsiron a farkon zafi, wajen bikin ranar biyar ga wata na biyar a kalandar Sinawa, lokacin da ake rataye damminsa a ƙofofin gidaje. A shanya, a ajiye, a daka a turmi, a tankaɗe, a sake dakawa, har sai jijiya da garin ganye sun fita, ya rage wani abu mai taushi da ke kama jikinsa idan an matsa shi da yatsa. Wannan shi ne moksa. Ba ya cin wuta da harshe, a hankali yake ci. Masu sana'ar sun fi son tsoho, saboda man da ke cikin ɗanyen ganye yana sa wuta ta yi kaifi, kuma tun ƙarni na huɗu kafin Miladiyya malamin nan Mengzi ya ambaci wanda ya shekara uku a ajiye a matsayin magani.

Mai magani zai tsinko ɗan kaɗan, ya mulmula shi tsakanin yatsa biyu ya yi masa tsini, girman ƙwayar alkama ko ya fi haka. Sai ya ɗan jiƙa fatar don ya zauna, ya dasa shi, ya taɓa tsinin da tsinken turaren wuta. Jan garwashin zai riƙa gangarowa, hayaƙi mai ɗaci na tashi, har ya iso fata. Nan majinyaci ke cije leɓe. A share tokar, a dasa wani a gurbin, uku, biyar, bakwai, wani lokaci ɗaruruwa cikin kwanaki. Likitocin wancan zamani ba su ɗauki ƙunar a matsayin kuskure ba. Da yawansu so suke wurin ya yi bororo, ya yi ruwa, ya bar tabo, domin a ganinsu ta nan cutar ke fita.

Dalilinsu yana cikin Huangdi Neijing, babban littafin likitancin Sin da aka harhaɗa a zamanin daular Han. A can an ce ciwon gaɓɓai yana samuwa ne idan iska, sanyi da danshi suka haɗu suka shiga jiki suka toshe hanyoyi, kuma an danganta asalin jinyar wuta ga mutanen arewa, makiyaya mazauna ƙasar sanyi. Bahaushen da ya saba jin tsoho yana cewa sanyi ya shige masa ƙashi ba zai ga baƙon abu a wannan tunani ba. Mu ma muna da wanzami da ƙahonsa, muna da sakiya da ƙarfe mai zafi, muna da tsumma da ruwan zafi na gasa targaɗe. Bambancin shi ne Sinawa sun rubuta nasu, suka yi masa taswira, suka yi ta gardama a kansa shekara dubu biyu. Kuma gardamar ta fara da wuri. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, likita Zhang Zhongjing ya yi kashedi cewa akwai majinyatan da zafi ya riga ya kama, waɗanda wuta za ta ƙara wa wahala. Ke nan tun a lokacin an lura cewa gwiwar da ta sandare da sanyin safiya daban, wadda ta kumbura ta yi ja tana raɗaɗi daban.

A ƙarni na huɗu Ge Hong ya rubuta ɗan littafin agajin gaggawa domin talakan da ba shi da likita kusa, ya cika shi da hanyoyin ƙona moksa, yana bayyana wuraren da ma'aunin yatsa ta yadda kowa zai gane. Matarsa Bao Gu ta yi suna a yankin Guangzhou da wannan sana'a, har yau ana tunawa da ita. A cikin littafin nan ne kuma, bayan shekara dubu da ɗari shida, mai bincike Tu Youyou ta ga bayanin wani tsiro ɗan dangin ai da ake jiƙawa a ruwan sanyi don zazzaɓi, abin da ya kai ta ga gano atemisinin a 1972 da lambar Nobel a 2015. Maganin maleriyar da muke sha yau daga nan ya samo asali. Na kawo wannan ne domin kada wani ya yi saurin raina tsofaffin littattafan nan. Akwai abin ɗauka a cikinsu, sai dai an same shi ne bayan an kai shi ɗakin gwaji.

Zamanin daular Tang wuta ta yi kaka-gida. Sun Simiao, wanda ya rasu a 682, ya koyar da cewa ba dole ne a tsaya kan wuraren da ke taswira ba, a latsa jiki, inda majinyaci ya yi ƙara nan za a ƙona. Wang Tao kuwa, a babban kundinsa na shekarar 752, ya ɗauki moksa ya bar allura, yana ganin allura na iya kashe mai rai idan ta faɗa hannun wanda bai ƙware ba. A kogon Dunhuang da aka buɗe a 1900 an samu zanen jikin mutum da alamun wuraren ƙuna, har da rubuce-rubucen moksa cikin harshen Tibet. Suna ajiye yanzu a Landan da Paris.

Wanda yake son ganin yadda abin yake a zahiri, akwai wani zane na zamanin daular Song da ake dangantawa da Li Tang, yana gidan adana kayan tarihi na Taipei. A ƙarƙashin bishiya, a bakin wani ƙauye, likitan karkara ya sunkuya a bayan wani mutum da aka tuɓe wa riga. Mutumin ya wage baki yana ihu, idanu waje, 'yan uwansa sun riƙe hannayensa sun danne ƙafafunsa, ɗaya ya kau da fuska don ba zai iya kallo ba. A gefe yaron likita yana shirya abin da za a manna a kan ƙunar. Mai zanen bai ɓoye komai ba. Tarihin daular ma ya adana labarin sarki Taizu, wanda ya je duba ƙanensa da ke jinya, ya ƙona masa moksa da hannunsa, da ya ga yadda yake shan azaba sai ya ɗora wa kansa shi ma don su raba zafin. A 1146 likita Dou Cai, mai umartar a ƙona ɗaruruwa a wuri guda, ya rubuta haɗin furen zaƙami da furen wiwi da za a ba wanda ba zai iya jurewa ba, ya yi barci a gama. Duk wanda ya taɓa kwana uku bai runtsa ba saboda gaɓa ɗaya ya san abin da ke sa mutum ya miƙa bayansa ga wannan. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sai dai ba kowa ke son takobin ba, shi ya sa sannu a hankali aka riƙa janye wutar daga fata. Tun da daɗewa akwai masu sa yankan tafarnuwa ko na ɗanyar citta tsakanin moksa da jiki, ko su cika cibiya da gishiri su ƙona a kai. A zamanin daular Ming aka fara naɗe moksa a takarda, a kunna bakin, a danna ta kan tsumma mai ninki. Li Shizhen ya bayyana irin wannan a kundinsa na magunguna da aka buga a 1596, ya kuma yabi ganyen garinsu Qizhou, wanda har yau shi ne mafi daraja a kasuwa. Daga baya aka koma riƙe naɗin a sama da fata, tazarar yatsa biyu ko uku, har wurin ya yi ja ba tare da ya ƙone ba. Yawancin abin da ake yi yau ke nan.

Koriya da Japan sun karɓi sana'ar tare da littattafan Sin, kowace ta yi mata nata salo. A Japan ta zama abin cikin gida, ana nuna wa mutum wuraren ya riƙa yi wa kansa, kuma ganyen dutsen Ibuki ya yi suna. Mawaƙi Basho, da zai fita doguwar tafiyarsa ta 1689, ƙona moksa a ƙasan gwiwa na cikin shirin da ya yi. Daga sunan da Japanawa ke kiran abin, mogusa, Turawa suka samo nasu.

Shigarsa Turai kuwa ta hannun wata mata ce da littafin da ya ba da labarinta bai ambaci sunanta ba. Hermann Buschoff limamin coci ne ɗan Holan, ya yi aiki a tsibirin Taiwan, daga baya ya zauna a Batabiya, wato Jakarta ta yanzu, hedkwatar kamfanin Holan na Gabashin Indiya. Yana fama da ciwon gaɓa da Turawa ke kira gawut, mai kama babban yatsan ƙafa da gwiwa, ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ba a so ya taɓa. Wani tashin ciwon ya ɗauke shi makonni ba barci, magungunan da ya sani duk sun gaza. Matarsa ta lallashe shi ya bari a kira wata mai magani 'yar Quinam, a ƙasar Biyetnam ta yau, wadda ta saba yi wa bayin gidan magani. Da farko ya ƙi, yana tsoron wutar. Da ya yarda, matar ta sa aka kunna kyandir, ta bi ƙafafunsa da gwiwoyinsa a natse tana neman inda zafin ya fi tsanani, ta ƙona ƙananan dunƙulai wajen ashirin cikin rabin sa'a. A faɗarsa, ƙananan tabo masu launin toka kawai suka rage, ciwon ya ɗauke, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Buschoff ya rubuta littafi a kan wannan, amma ya rasu a 1674, shekara guda kafin a buga shi a Amsterdam. A 1676 aka fassara shi zuwa Turanci, ɗansa kuma ya riƙa sayar da moksa a birnin Utrecht. Gawut ciwon manya ne a Turai ta wancan lokaci, masu cin nama da shan giya, don haka labarin ya bazu da sauri. Sir William Temple, jakadan Ingila a Hague, ya ji labarin daga bakin Constantijn Huygens, aka kawo masa moksa daga Utrecht, ya ƙona a gaɓar babban yatsansa, ya ɗora dakakkiyar tafarnuwa, ya ce ya tashi ya taka. Ya rubuta muƙala a kai a 1677. A shekarar nan Antoni van Leeuwenhoek na Delft ya duba moksa da madubinsa mai ƙara girman abu, ya kwatanta shi da auduga, ya ga gashin tsiro ne kawai. Bayan shekara biyu, a 1679, ya duba farin abin da ke taruwa a gaɓar mai gawut, ya ga ƙananan tsinkaye masu kaifi. Bai san mene ne su ba, amma abin da ke haddasa ciwon ne ya gani. Willem ten Rhijne a 1683 da Engelbert Kaempfer a 1712, likitoci biyu da suka zauna a tsibirin Dejima na Nagasaki, suka kawo cikakken bayanin yadda Japanawa ke yi.

Abin takaici, Turai ta ɗauki wutar ta bar sassaucin. Da ganyen ya yi wuyar samu, aka koma naɗin auduga mai kauri, ana hura masa iska don ya ci sosai. Dominique Larrey, babban likitan tiyatar sojojin Napoleon, ya yi amfani da shi a kan ciwon gaɓɓai, ciwon jijiya da na ƙashin baya. Mafi munin labari shi ne na Charles Sumner, ɗan majalisar dattawan Amurka mai adawa da bauta. Ranar 22 ga Mayu 1856, wani mai suna Preston Brooks ya same shi a kujerarsa a zauren majalisa ya yi ta dukansa da sanda a ka har ya suma. Bayan shekara biyu bai warware ba, sai ya tafi Paris wurin likita Brown-Séquard, wanda ya ce maganin shi ne a ƙona gadon bayansa. Sau shida aka yi masa a 1858, kuma ya ƙi shaƙar kuloroform domin an gaya masa jinyar ta fi ci idan ana jin zafin. Ya yi makonni ba ya iya kwanciya da baya. Shi kansa likitan daga baya ya ce bai taɓa sa wani mutum azaba irin wannan ba. Tsakanin dunƙulen matar Batabiya mai girman ƙwaya da wannan ƙuna akwai nisa ƙwarai, kuma kafin ƙarshen ƙarnin likitocin Turai sun watsar da abin.

A ƙasar Sin ma moksa ta sha ƙyama. A 1822 sarki Daoguang ya rufe sashen allura da moksa na makarantar likitocin fada, bisa hujjar cewa bai dace a yi wa sarki irin wannan ba. A 1929 wani kwamitin lafiya na gwamnatin Nanjing ya amince da ƙudurin soke maganin gargajiya, masu sana'ar suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris, ƙudurin ya mutu. Gwamnatin Kwaminis ta dawo da shi asibitoci da jami'o'i a shekarun 1950, a 2010 kuma UNESCO ta sa allura da moksa cikin jerin al'adun ɗan Adam da suka cancanci kiyayewa. Wannan girmamawa ce ga al'ada, ba shaidar likita ba ce, kuma masu talla kan cakuɗa biyun da gangan.

Shaidar likita sai a 'yan shekarun nan aka fara nemanta yadda ya kamata. A 2014 masu bincike a Shanghai suka raba mutum 110 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa gida biyu. Rabi aka gasa musu da moksa sau uku a mako har mako shida, rabi aka sa musu na'ura iri ɗaya mai hayaƙi amma an toshe zafin. Waɗanda zafin ya isa gare su sun fi samun sauƙi. A shekarar nan wani gwaji a Koriya ta Kudu da mutum 212 ya sami irin wannan sakamako, tare da ƙuna da yawa a fatar majinyata. Hankali ma yana ɗauka: zafi yana buɗe hanyoyin jini, yana sassauta tsoka, kuma tun 1997 mai bincike David Julius ya gano ƙofar da jijiya ke jin zafi da ita idan ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, an kuma san cewa zafi a wani wuri yana dusashe zafi a wani. Amma masu tattara gwaje-gwaje sun sha nuna cewa yawancinsu ƙanana ne, tsarinsu da rauni, kuma tun 1998 wani nazari ya gano cewa gwajin allura da ke fitowa daga Sin kusan ba ya taɓa cewa magani bai yi aiki ba. Wannan abin tsayawa ne a yi tunani.

Hukuncina a kan Buschoff shi ne gaskiya ya faɗa game da abin da ya ji, amma tashin gawut yakan lafa da kansa, yakan kuma yi watanni ko shekaru bai dawo ba. Tsinkayen da Leeuwenhoek ya gani gishirin sinadarin yurik asid ne, wanda likita Alfred Garrod ya nuna yawansa a jinin masu ciwon a 1848, kuma ba wutar da ke narkar da shi. Abin da ke rage shi magani ne irin alofurinol, da aka amince da amfani da shi a 1966. Haka ma amosanin da garkuwar jiki ke cin gaɓa: gasawa za ta iya sa mutum ya ji daɗi da dare, gaɓar kuma tana ci gaba da lalacewa idan ba a sha maganin da ke tsayar da cutar ba. Inda moksa ta fi tsayawa da ƙafarta shi ne tsohuwar gwiwar da ta zaizaye, a matsayin sauƙi na ɗan lokaci, a hannun wanda ya iya, kuma ba tare da an ƙone fata ba.

Yanzu ana tallar naɗin moksa a intanet, kowa na iya oda daga ɗakinsa. Mai ciwon sukari, ko duk wanda ƙafarsa ta yi dundurus ba ya jin taɓi sosai, kada ya kusantar da wannan wuta ga jikinsa, domin zai ƙone bai sani ba, kuma gyambon mai sukari yana iya kai wa ga yanke ƙafa. Mai asma ya nisanci hayaƙin. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi ja, ta yi zafi, musamman in da zazzaɓi, ko ciwon ƙashi a jikin mai sikila, a kai shi asibiti a ranar.